Kunnen Malam Bunu a Filin Tsere

Duk wanda fankarsa ta taɓa ƙonewa a Azare a shekarun baya, da wuya a ce bai san shagon Malam Bunu ba. Yana bayan tsohuwar tasha, ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa, kullum cikinsa warin dalma da ƙonanniyar waya. Sana'arsa naɗin kwayil. Za ka kawo masa injin fanka ko na markaɗe ya yi baƙi ƙirin, ya kwance tsohuwar wayar, ya naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa da Barbarci a ƙasan maƙoshi. Mahaifinsa ya zo daga wajen Gaidam da fataucin kanwa, garin ya karɓe shi ya zauna, a nan aka haifi Bunu. Barbarcin da ya rage masa na ƙirga ne, sai na faɗa da matarsa Ya Gana in ta sa masa gishiri ya yi yawa.

Ni sunana Babayo, malamin firamare ne. Ni Bafulatani, shi Babarbare, don haka tun ranar da muka fara haɗuwa wasa ya shiga tsakaninmu. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, amma wannan bai hana ni ce masa bawana ba in na shiga shagon, shi kuma ya ce wa ya bar ƙofa a buɗe ɗan nagge ya shigo. Ina son mutumin nan. Na faɗa tun yanzu ne don abin da zai biyo baya ba zai yi kama da haka ba.

Maganar motocin rimot ta faro a shekarar 2002. Alhaji Maigida, mai sayar da taki, ya dawo daga aikin hajji da tsarabar wata 'yar mota da ake tuƙawa daga nesa. Kwana uku ta yi a gidansa ta mutu. Ya kawo wa Malam Bunu, shi kuma ya buɗe ya ga inji irin wanda ya saba da shi, sai dai bai fi babban yatsa ba. A cikinsa akwai wasu 'yan guntayen gawayi biyu da suke gugar sandar da ke juyawa, su ake kira burushi. Su ke kai wuta ciki, su ne kuma ke sa injin tartsatsi da ƙara. Malam Bunu ya sake masa naɗi, motar ta tashi da gudun da ba ta zo da shi daga Makka ba. Alhaji ya tsaya yana kallo, gemu da furfura, ya ce a ba shi rimot ɗin ya gwada. Yaran gidansa ba su sake ganin motar ba.

Kafin shekara uku mun zama mu tara, duk magidanta. Mun sami wani tsohon daɓen siminti a bayan wani sito da aka daina amfani da shi, a kan hanyar Misau, muka jera bulo muka fitar da hanya mai kwana biyar. Duk Lahadi bayan la'asar muna can, batira a jone da batirin motar Alhaji, don wutar gari ba abin dogaro ba ce. Mutane suna ce mana manya masu wasan yara. Matata Murja kan ce ta auri malamin makaranta ta wayi gari da ɗan aji biyu. Ba mu damu ba. Alhaji Maigida ne shugaba, amma Malam Bunu muke kira uban ƙungiya, kuma al'adarmu ce shi ke tsayawa a farkon layi, motarsa ce ke fara taka daɓen. Dokarmu ɗaya: kowane inji naɗi ashirin da bakwai, kuma duk tara hannunsa ne ya naɗa su.

Da daminar 2006 na gane akwai matsala. Na shiga shagon da hantsi, na yi sallama ya amsa, na tsaya a gefensa na miƙa hannu. Hannuna ya daɗe a iska. Idonsa a buɗe, yana kallon gabansa, yana tambayata ya makaranta. Na ɗaga hannun har kusa da kuncinsa, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Malam, ba ka ga hannuna ba ne?"

Sai ya tashi ya tura ƙofar langa-langar, ya dawo ya zauna.

"Babayo, likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa ragowar. Yanzu kamar ta bakin kwalba nake leƙen duniya. Abin da ke gabana tsaye, ina gani. In ya motsa, ya ɓace."

"To tseren fa? Ranar Lahadi kai ka zo na biyu."

Ya yi ɗan murmushi, ya taɓa kunnensa. Ya ce injinan nan tara shi ya haife su, kowanne da muryarsa. Na Alhaji yana da gurnani saboda burushinsa ya ci gefe ɗaya, nawa kuma kuka yake kamar mai shi. Nasa ya san shi ko cikin barci. Daɓen kuwa ya haddace shi, ya san daƙiƙa nawa ne daga wannan kwana zuwa waccan, ya san yadda ƙara ke canzawa in mota ta zo kusa da bangon sito. Wata takwas ke nan da kunne yake tuƙi, ba wanda ya lura.

"Aikin shago fa?"

"Naɗi da yatsa ake yi, ba da ido ba. Aikina bai ragu da komai ba, Allah shaida. Amma ka san garin nan. Wuta ce fa muke aiki da ita. Ranar da aka ce Bunu ba ya gani, wa zai kawo wa makaho fankar ɗakin 'ya'yansa? 'Ya'ya mata huɗu gare ni, biyu suna sakandare. Daga ni sai Ya Gana sai kai muka san wannan magana."

Na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Tun daga ranar na koma tsayawa kusa da shi a filin, a hannun hagunsa.

Abdulsamad shi ne ƙaraminmu, mai shagon wayar salula, yana zuwa Dubai saro kaya. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce Malam Bunu bai durƙusa ba. Kada wani ya ɗauka shi ne mugun labarin nan. A farkon 2007 ya dawo da wani inji a cikin ɗan kwali, ya kawo filin yana ta murna. Waya uku gare shi maimakon biyu, jikinsa a rufe ruf, ba burushi a ciki ko ɗaya. Ya ce can ƙasashen waje shi ake yayi yanzu, ba ya tartsatsi, ba ya cinyewa, ba ya neman naɗi. Ya miƙa wa Malam Bunu da hannu biyu don ya sa albarka.

Malam Bunu ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya murza sandar a kusa da kunnensa. Ya daɗe yana saurare.

"Wannan ba ya numfashi," ya ce, ya mayar masa.

Aka yi dariya. Abdulsamad ya ɗaura injin a motarsa ya saki ita kaɗai a daɓen. Gudun kam ba a magana, kafin ka juya ta gama zagaye. Amma ƙarar ce ta tsaya mini a rai. Wani siririn fito ne mai shiga haƙori, yana dukan bangon sito yana dawowa, har ka rasa daga ina yake fitowa. Kowa na bin motar da ido. Ni na kalli Malam Bunu, na ga fuskarsa tana fuskantar kwanar gabas alhali motar tana yamma.

A hanyar komawa gida ya ce da ni a hankali, "In wannan abin yana gudu ba na jin komai. Ta ko'ina yake zuwa."

Lahadi uku aka yi ana gardama a gindin dogonyaron bakin filin: a haɗa mai burushi da maras burushi a tsere ɗaya, ko a raba. Abdulsamad ya ce mu tara ne kacal, in aka raba shi da wa zai yi tsere, da inuwarsa? Ya ce ya yarda a ba kowa ratar zagaye ɗaya. Wasu biyu da suka riga suka ba shi saƙon irin injin suka goya masa baya. Malam Bunu ya ce ba adalci ba ne, doka ta ce naɗi ashirin da bakwai, wannan kuwa ba wanda zai iya buɗe shi ya ƙirga. Ya ce motar da ke wannan gudun in ta daki ƙaramar mota sai an je Kano neman ƙafa. Ya ce tsere gwanintar hannu ce, ba ta wanda ya fi zuwa Dubai ba. Hujjojinsa duk gaskiya ne, amma ya riƙa maimaita su da zafin da ba a san shi da shi ba, har mutane suka fara kallon juna. Na ji wani yana raɗa cewa Malam kasuwar naɗinsa yake karewa. Ainihin dalilin kuwa ba zai faɗu ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: ni ma na ba Abdulsamad saƙo. Shekara huɗu ina tsere ban taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma tun ranar da na ga motar nan tana yanka daɓen raina ya biya. Na riƙa gaya wa kaina ai Malam gwani ne, zai saba da sabuwar ƙarar kamar yadda ya saba da tsofaffin. Mutum in yana son abu ba ya rasa fatawa.

A Lahadi ta uku Alhaji Maigida ya ce maganar ta isa haka, a ɗaga hannu. Muna zaune a kan benci biyu, ni a hagun Malam Bunu, kafaɗarmu na gugar juna. Alhaji ya ce masu son a haɗa su ɗaga. Hannu huɗu suka tashi. Na duba na ga saura huɗu ba za su ɗaga ba, ni ne na tara. Kuma na san sarai cewa daga inda nake zaune Malam Bunu ba zai ga hannuna ba. Da wannan sanin na ɗaga shi.

"Biyar," in ji Alhaji.

Shaddata sabon guga ce, ta sha sitaci, hannun rigar ya yi ƙara da na ɗaga, ya sake yi da na sauke. Mutumin da ke bambance inji tara da kunne ba zai rasa jin wannan ba. Bai juyo ba. Ya ɗora tafin hannunsa a gwiwa ya ce, "To, Allah ya sa hakan ne alheri."

Wani daga cikinmu, don ya sassauta wurin, ya ce Babayo kai ne da wasa da shi, ka gaya wa Babarbaren nan kada ya gudu ranar Lahadi. Kowa ya juyo yana jirana. In na yi shiru ma abin tambaya ne. Na buɗe baki na ce ai Barebari ba su gaji tsayawa ba, mu dai mu ga ƙeyarsa. Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ce ɗan nagge ya shirya shan ƙura.

Ranar Litinin da aka tashi makaranta na wuce shagon. Na ba shi shawara ranar Lahadi ya ce ba shi da lafiya, ko ya ce biki ya kai shi Bulkachuwa. Yana zaune da injinsa a kwance a kan tsumma, yana goga burushin da 'yar zarto.

"In na zauna wannan Lahadin, mai zuwa fa? An riga an haɗa, haɗin kuma ba na rana ɗaya ba ne. Ni da ban taɓa fashi ba, in na janye sai an tambayi dalili, mai tambaya kuma ba ya tsayawa sai ya samu."

"Me kake yi wa burushin?"

"Ina so ya ƙara murya."

Bai yi mini maganar hannu ba, ni ma ban yi ba. Na so ƙwarai ya zage ni, da na sami sauƙi. Duk satin nan, in ya rufe shago bayan la'asar, sai ya hau acaɓa zuwa filin shi kaɗai. Ranar Alhamis na bi shi daga nesa na tarar yana taka daɓen da ƙafa, daga bulo zuwa bulo, leɓensa na motsi. Na juya ban yi masa magana ba.

Lahadin ta zo da zafin bazara, sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne jama'a. Labari ya zaga cewa injin Dubai zai kara da naɗin Malam Bunu, sai ga 'yan acaɓa, ga mutanen tasha, ga masu shagunan layinsu, mutum ya fi sittin sun kewaye daɓen. Rabinsu na san fankarsu ko injinsu yana shagonsa a lokacin. Suna ta yi masa kirari, wai yau za a nuna wa Dubai hannun Azare. Ya ɗaga musu hannu yana murmushi, ya tsaya a farkon layi. Na tsaya a hagunsa. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa.

Alhaji ya sauke hula, motoci suka tashi. Aka riƙe ta Abdulsamad har muka gama zagaye ɗaya, kamar yadda aka yi alkawari, kuma a wannan zagayen Malam Bunu ne a gaba. Injinsa na ihu fiye da na kowa, yana shan kwana kamar da zare aka ja shi. Sannan aka saki ɗayar, fiton nan ya cika wurin.

Zagaye na biyu ya yi shi lafiya, da ƙirga kawai, ina jin Barbarcin a ƙasan maƙoshinsa. A na uku ya makara da ƙiftawar ido a kwanar bangon sito. Ba wanda ya taɓa shi. Ƙafar motar ta hau bulo, ta wuntsila, ta kwanta a bayanta, tayoyi huɗu a sama. Da tayoyin suka rabu da ƙasa sai injin ya ƙara ihu, ya ratso ta cikin fiton ya iso kunnensa sarai.

Ya ji shi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga ya yi murmushi. Ya ci gaba da tuƙi.

Yatsansa ya karya kwana ta huɗu, ya miƙe, ya karya ta biyar. Fuskarsa tana juyawa a hankali tana bin motar da ba ta wurin. Can a gindin bango tayoyin gaba suna karkata hagu da dama a iska, daidai yadda yake umartarsu. Da farko mutane suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin nasa. Ya shiga sabon zagaye. Dariyar ta fara raguwa daga gefen da ya fi kusa da mu.

Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Kalma biyu ce zan faɗa masa, "ta kife." Amma jama'a sun yi tsit har in na faɗa kowa zai ji, in kuma na yi shiru kowa na gani. Na tsaya ina auna wanne ya fi, har lokacin ya wuce.

Alhaji Maigida ne ya fara tsayar da motarsa. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Tawa ban san lokacin da na sake ta ba. Daga ƙarshe Abdulsamad ya saki rimot ɗinsa, fiton ya mutu. Ya rage inji ɗaya tak yana ihu a filin, daga wuri guda, ba ya matsowa ba ya nisa. Malam Bunu ya karkata kai ya saurara. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya ɗaga yatsansa, ƙarar ta tsaya.

A cikin jama'a wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe ba ya gani."

Malam Bunu ya miƙo rimot ɗin gefen hagu ba tare da ya juyo ba, na karɓa. Ya ce, "Ɗauko mini motar, Babayo." Na ɗauko, tana da zafi. Abdulsamad ne ya kai shi gida a mashin, yana tuƙi yana share ido.

Lahadin da ta biyo baya ƙungiya ta zauna, mu takwas, aka raba tseren gida biyu ba tare da ko an ɗaga hannu ba. Aka tura Alhaji ya gaya wa Malam Bunu. Ya yi godiya, ya ce hakan ya yi, bai kuma sake zuwa filin ba.

Mutanen Azare ba su yi masa wulaƙanci ba, kada in yi musu ƙarya. Da ladabi suka yi abin. Mutum zai zo ya gaishe shi, ya yi masa jaje, ya yi addu'ar Allah ya ba da lafiya, sannan ya ce dama fankar nan ce, uwargida ta matsa, bari a ɗauka tukuna. Waɗanda aka gama wa gyara da waɗanda ba a taɓa ba, duk haka. Sai aka tuno wata fanka da ta yi hayaƙi a wani gida shekara biyu da suka wuce, aka ce ai aikinsa ne, alhali ban da tabbacin ta taɓa shiga shagonsa. Cikin wata biyu kantocin da ba ka iya ganin bango saboda injina suka zama fayau. Ya Gana ta fara dafa ɗanwake ana kai wa tasha.

Ni kuwa kunya ta hana ni zuwa. Sai da Murja ta ce zafi ya ishi yara, fankar ɗakinsu tana shagon tun kafin tseren, in je in karɓo. Na je da hantsi. Ƙofar a buɗe, yana zaune a kan kujerarsa, hannuwansa a cinya. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba aiki ba. Na yi sallama, ya gane ni tun kafin in rufe baki. Na jira ya ce wa ya bar ɗan nagge ya shigo. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Babayo."

Muka gaisa kamar baƙi. Na tambayi ido, ya ce da godiya. Na zauna ina neman ta inda zan fara, sai ya riga ni.

"Kai ma fankarka ka zo ɗauka?"

Na ce Murja ce ta matsa. Ya tashi ya je kai tsaye inda take, ya ɗauko ya goge ta da tsumma. Akwai wuta a lokacin, ya jona, ta tashi lafiya lau, ko girgiza babu. Ya sa tafin hannu a bayan injin na ɗan lokaci, ya kashe, ya naɗe wayar ya miƙo mini.

"Naɗin sabo ne, na yi shi makon jiya. Amma ka kai wa wani ya duba maka kafin ka jona a ɗakin yara. Kowa haka yake yi yanzu, ba zan ji haushi ba."

Na ce haba Malam, ni da kai. Na rantse masa ba zan kai ba. Ya ce to.

Na ɗaura fankar a bayan keke na kama hanyar gida. Da na iso mararrabar layinmu na tuna ɗakin yaran, da labule, da katifar soso. Akwai wani sabon mai gyara a bakin kasuwa. Na karya kan keken na kai masa ya duba.